Yadda Ake Feɗe Fiffike da Ƙafar Kaza Don Ganin Abubuwan da Ke Riƙe da Jiki

Tambayi ɗalibi me ke haɗa tsoka da ƙashi, zai ce maka jijiya. Me ke ɗaure ƙashi da ƙashi? Jijiya. Ta ina jini ke bi? Jijiya. In mutum ya bige gwiwar hannunsa a gefen tebur ya ji zirr har ƙaramin yatsa, me ya taɓu? Nan ma jijiya. Ba laifin yaron ba ne, haka harshenmu ya tara su a kalma ɗaya. Sai dai abubuwa huɗu ne daban-daban, kuma na daɗe da gane cewa zanen allo ba ya raba su a kan yaro. Sai ya ga kowace da idonsa, ya taɓa ta, ya ja ta ya ga abin da zai motsa. Shi ya sa duk shekarar da muka iso darasin ƙashi da gaɓoɓi nake aikawa kasuwa a sayo min fiffike da ƙafar kaza.

Sabon malamin bayoloji nake wa wannan bayani, da ɗalibin da ke son gwadawa a gida. Ba ka buƙatar madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Wani likitan Faransa mai suna Bichat, wanda ya rasu a 1802 yana da shekara 30, ya rarrabe nau'in saƙar jiki, wato kayan da aka gina sassan jiki da su, har 21 ba tare da ya dogara da madubin ba. Ido da wuƙa da haƙuri ne jarinsa, mu ma su za mu ɗauka.

Ga sunayen da nake amfani da su a aji don kada mu rikice. Wadda ta haɗa tsoka da ƙashi ina ce mata agara. Asali sunan babbar nan ce ta bayan diddige, na ara wa sauran 'yan'uwanta. Wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi, jijiyar ɗauri. Sai jijiyar jini, sai jijiyar saƙo wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa ta dawo da labari. Tantani kuwa shi ne duk wani siririn mayafi da ya lulluɓe wani sashe ko ya shimfiɗu a cikinsa.

Kayan aiki

- Fiffiken kaza cikakke, ɗanye, ɗaya ga kowane rukunin mutum uku ko huɗu
- Cinya haɗe da ƙwauri, ba a raba su ba, ko da guda biyu ne ga aji duka
- Ƙafar kaza mai yatsu
- Ƙaramin almakashi mai tsini. Shi ne babban makami a wannan aiki
- Sabuwar reza, a naɗe gefenta ɗaya da salatif
- Matsefata, da tsinken sakace
- Faranti ko tire, da tsohuwar jarida ta shimfiɗawa
- Safar hannu. In babu, farar leda a ɗaure a wuyan hannu
- Sabulu, ruwa, da ruwan bilic na goge tebur
- Ruwan kal kwalba ɗaya, ɗanyen ƙwai biyu, zuma ko sukari, zare, da kwalabe masu faɗin baki
- Ɗan garwashi da ƙaramar tukunya da ba a girki da ita

1. Fara jiƙo mako guda kafin ranar

Wannan matakin ne aka fi mantawa, sai ranar darasi ta zo a fara da-na-sani. Nemi ƙasusuwan kaza biyu masu girma ɗaya, sirara sun fi, irin na fiffike. Ko na kazar da aka ci a gida ne sun yi. Kankare naman tas, ka wanke. Ɗaya ka ajiye ya bushe, ɗaya ka nutsar a ruwan kal cikin kwalba, kana canja ruwan bayan kwana biyu-biyu.

Saura kwana uku, sai ka auna kewayen cikin kowane ƙwai da zare, ka ƙulla alama, ka sa su a ruwan kal ya sha kansu. Nan da nan za ka ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ɓawon. Kada ka toshe bakin kwalbar gam, iska ce ke fita, tana son hanya. Ka ɗora murfin kawai.

In babu ruwan kal, ruwan lemon tsami yana yi, amma sai ka matse da yawa, kana canjawa kullum, don da zafin garinmu yakan yi fumfuna. Ruwan batir kuwa kada ma ya zo maka a rai. Akwai wanda zai ba ka wannan shawarar don ya fi sauri. Yana cin fata, yana makantarwa.

2. Zaɓen kaza

Je wurin masu yanka da figa da kanka a karon farko, ka tsaya a kansu. Hannunsu ya saba da sara, kafin ka ƙifta ido sun datse fiffiken a tsakiyar ƙashi. Ka ce a cire shi daga kafaɗa ta gaɓa, a bar kan ƙashin lafiya. Cinya ma a cire ta daga ƙugu, kada a raba ta da ƙwauri. Kada a babbake, kada kuma a bar kazar ta daɗe a ruwan zafi wajen figa, don tantanin ƙarƙashin fata yakan dahu ya yi fari ya yayyage.

Agirik ko ta Hausa? Kowace da amfaninta. Ta gidan gona da ake yankawa tana da mako shida zuwa takwas tsokarta manya ne, fatarta na saluɓewa da sauƙi, kan ƙashinta cike da guringuntsi don ba ta gama girma ba. Ita ta fi wa mai koyo. Ta Hausa naman kaɗan ne, amma agararta ƙwarara ce, ba ta tsinkewa da wasa. In da hali, fiffike da cinya na agirik, ƙafa ta kazar Hausa.

Mushe ko kaza marar lafiya ba ta shiga wannan aiki, ko kyauta aka ba ka. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna muka san taɓa mataccen tsuntsu ba abin wasa ba ne. Mai lafiyar ma ɗanyen namanta na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa, don haka ba ci, ba sha, ba sosa ido har sai an wanke hannu. Ka sayo da safiyar ranar. In ta kwana a firiza, a bar ta ta saki gaba ɗaya kafin a fara.

3. Duba kafin ka yanka

Wanke fiffiken, ka tsane shi, ka shimfiɗa a faranti. Ajiye almakashin tukuna. Miƙe fiffiken, ka naɗe shi, ka sake miƙewa. Yanzu ɗaga hannunka ka gwada. Sashen da ya fi kauri, mai ƙashi ɗaya, shi ne daidai da damtsenka daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Na tsakiya mai ƙashi biyu a jere shi ne daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, mu ma biyu ne gare mu a nan. Ɗan tsinin ƙarshe shi ne tafi da yatsu, sai dai na tsuntsu sun haɗe sun ragu.

Gwada lanƙwasa gwiwar fiffiken ta baya. Za ta ƙi. Gwada ta gefe, za ta ɗan ba da kai kaɗan ta tsaya. Ka sa ɗalibai su rubuta hasashensu kan abin da ke hana ta, za mu je mu same shi a mataki na bakwai.

4. Cire fata, ka ga tantani

Daga wajen kafaɗa, cusa tsinin almakashi tsakanin fata da nama, bakin yana kallon sama, ka yanka a miƙe har gwiwa. Kama bakin fatar da matsefata ko yatsa ka ɗaga a hankali. Tsaya nan, kada ka fizge.

Leƙa tsakanin fatar da naman. Za ka ga wani abu fari-fari, shara-shara, kamar saƙar gizo-gizo da ta jiƙe, yana miƙewa yana tsinkewa zare-zare yayin da kake ɗagawa. Wani wuri har da 'yan ƙananan kumfa a ciki. Yawancin mutane sun sha ganinsa wajen gyaran nama, ba su taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. To shi ne sassauƙar saƙar da ta liƙa fata da tsoka, ta kuma bar ta tana zamewa. Tsunkuli fatar bayan hannunka ka ja, ka ga yadda take tasowa ta koma; wannan saƙar ce ta ba ta dama. A tafin hannu kuwa ba za ta taso ba, don a can ɗaurin ya fi tsauri, in ba haka ba da ba ka iya riƙe ƙotar fartanya. Mahaucin da ke hura iska ta ƙafar rago kafin fiɗa, cikin wannan saƙar iskar ke bi ta raba fata da nama.

Ci gaba da ɗagawa, kana tura tantanin da bayan almakashi ko ɗan yatsa. Yawancin aikin nan turawa ne da rabawa, yanka kaɗan ne. A sashen tsakiya fatar ta fi kamawa, musamman gefen da manyan gashin fiffike ke tsirowa, sai ka bi da 'yan ƙananan yanka. Tsinin ƙarshe ka bar masa fatarsa, wahalar ba ta biya.

Juya fatar ka duba cikinta. Rawayan dunƙule-dunƙulen nan kitse ne. Goga shi a jarida, wurin zai yi shara-shara da maiƙo. Ja fatar da hannu biyu ka ji ƙarfinta. Zaren da ya ba ta wannan ƙarfi sunansa kolajin, kuma shi za mu yi ta karo da shi har ƙarshen aikin nan, don ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin da ke jikin mutum. Shi majema ke jemewa da bagaruwa ya zama fatar takalmi da jaka.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a ɗauki reza a tsaga daga sama kamar ana yanka albasa. Shekarata ta farko na raba wa kowane rukuni reza tun farkon darasi. Kafin in kewayo, rukuni biyu sun tsarge tsokar har ƙashi, wata yarinya kuma tana riƙe da babban yatsa yana ɗigar jini a kan littafinta. Tun daga ranar reza tana aljihuna, ba ta fita sai mataki na bakwai, kuma ina tsaye.

5. Tsoka da agara

Naman da ya bayyana yana ƙyalli, don akwai wani tantanin a kansa. Sa tsinken sakace ka ɗan ɗaga shi, siriri ne kamar ledar da ake naɗe biredi. Bi layukan da ke tsakanin naman da bayan tsinken, za ka ga ashe ba curi ɗaya ba ne, tsoka-tsoka ne, kowace da rigarta. Rigar nan ce ke sa su goga juna ba su manne ba.

A sashen sama akwai manya biyu, ɗaya ta gaban ƙashin, ɗaya ta bayansa. Riƙe ƙashin ta wajen kafaɗa, ka kama ta gaban ka ja ta sama. Fiffiken zai naɗe. Saki, ka ja ta bayan, zai miƙe. Ka bar kowane ɗalibi ya ja da hannunsa, ko da layi zai yi tsawo. Abin da za su gane a nan shi ne tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Saboda haka kowace gaɓa sai da aƙalla biyu masu jayayya, wannan ta lanƙwasa, waccan ta miƙar. Ɗora tafinka a damtsenka ka ɗaga bokiti, ka ji ta gaban ta yi tauri. Ka tura bango, ka ji ta bayan.

Yanzu bi tsokar zuwa ƙasa. Tana siririncewa, jan yana kwashewa, har ta koma wata farar igiya mai sheƙi kamar zaren lilo na azurfa, ta tsallake gwiwa ta kama ƙashin gaba. Agara ke nan. Sa tsinke a ƙarƙashinta ka ɗaga, ka ja. Ba ta miƙewa kamar roba, kuma dole ne, don da tana miƙewa da ƙarfin tsokar ya ƙare a hanya bai isa ƙashi ba. Lura cewa babu wani ƙulli tsakanin tsokar da agarar. Rigunan nan da muka gani, na waje da na cikin tsokar, su ne suka tattaru a ƙarshe suka zama igiyar. Wannan wurin nakan daɗe a kai, don duk wanda ya gan shi ya daina ɗaukar jiki a matsayin kayan gyara da aka ɗaure da kusoshi.

A sashen tsakiya agarar sirara ne kuma dogaye. Ja tsokokin ɗaya bayan ɗaya, ka ga wacce ke motsa tsinin fiffiken.

6. Jijiyar jini da ta saƙo

Raba tsokokin ta gefen ciki na fiffiken, kusa da ƙashi. Ka nemi siririn zare ja ko baƙi-baƙi. Danna shi da tsinke ka tura, za ka ga guntun jini na tafiya a ciki. Bututu ne. Kusa da shi sau da yawa akwai wani farin zare, wanda masu koyo ke cewa agara ce. Bambancin: ba ya sheƙi, yana da taushi, kuma in ka bi shi ba ya ƙarewa a ƙashi, rassa yake yi ya shige cikin tsoka. In ka ja shi gaɓa ba ta motsi. Jijiyar saƙo ce. In ta fiffike ta gagare ka gani, buɗe tsokokin cinya, akwai babba a kwance a can tana bin tsawon ƙashin.

7. Buɗe gaɓa

Yanke tsokokin da agararsu daga kewayen gwiwa har ƙasusuwan su fito. Ga abin mamaki: babu tsoka ko ɗaya, amma ƙasusuwan ba su rabu ba. Gwada lanƙwasawa ta gefe, har yanzu tana ƙi. Duba da kyau, za ka ga gajerun fararen ɗauri sun tashi daga wannan ƙashi sun kama wancan, da wata jaka da ta rufe gaɓar duka. Su ne jijiyoyin ɗauri. A ido kusan ɗaya suke da agara, hanyar rarrabewa ita ce ka duba bakinta biyu: in tsoka ce a gefe ɗaya, agara ce, in ƙashi ne gaba da baya, jijiyar ɗauri ce. Idan mutum ya gurɗe ƙafa aka ce ya yi targaɗe, waɗannan ne suka miƙe fiye da ƙima ko suka yage, ƙashin yana nan lafiya.

Yanzu reza ta fito. Ɗan tsaga jakar kaɗan, ka shafa yatsa a ciki. Akwai ɗan ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai. Tantanin da ya shimfiɗu a cikin jakar ne ke samar da shi. Yanke sauran ɗaurin, ka raba ƙasusuwan. Kan kowane fari ne sumul, yana ƙyalli kamar tangaran. Guringuntsi ke nan. Goga kawunan biyu da juna ka ji santsi, sannan ka goga tsakiyar ƙasusuwan ka ji bambanci. Yanki ɗan ɓalli da reza, ka duba: ba ɗigon jini, babu ja ko kaɗan. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa, shi ya sa in ya cinye ba ya saurin gyaruwa. Ciwon gwiwar da ke hana tsofaffinmu durƙuso, sau da yawa wannan farin ne ya zaizaye.

Gwiwar cinya ta fi ta fiffike abin kallo. Gaɓar da ke tsakanin cinya da ƙwauri ita ce ainihin gwiwar kaza. Waccan da ake gani ta lanƙwashe baya idan tana tafiya idon sawu ce. Cire naman, ka lanƙwasa gaɓar sosai, ka buɗe ta gaba. A tsakiya za ka ga jijiyoyin ɗauri biyu sun gitta juna, da wasu 'yan matasai na guringuntsi masu siffar jinjirin wata. Mu ma haka gwiwarmu take. Idan ka ji an ce ɗan ƙwallo ya tsinke jijiyar gwiwa zai yi wata da watanni yana jinya, galibi ɗaya daga cikin masu gittawar nan ce. Samarin aji sukan yi tsit a nan.

8. Ƙashi da rigarsa

Kankari tsakiyar ƙashin da bakin almakashi. Wani siririn tantani zai taso, ya kama ƙashin kam. Ta cikinsa jijiyoyin jini ke shiga, yana da jijiyoyin saƙo da yawa, kuma daga cikinsa ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi ke fitowa idan an samu karaya. Mai ɗori daidaitawa yake yi ya ɗaure, ginin kuwa daga ciki ne. Zafin da ke sa mutum ya zauna dirshan in ya bige ƙwauri, wannan rigar ce, don a sangalali babu tsokar da ta kare ta.

Naɗe ƙashin cinya a tsumma ka karya shi, don kada ɓalli ya faɗa ido. Ɓargo na ciki, ja. A irinsa ake ƙera ƙwayoyin jini. Kada ka zaɓi babban ƙashin fiffike don wannan, a kazar da ta girma sau da yawa rami ne na iska, sai yara su ce an cuce su.

9. Ƙafa mai yatsu

Wannan ne yara ba sa mantawa. Duba inda aka datse ƙafar. Tsaga fatar ta baya kamar tsawon gaɓar yatsa, za ka tarar da fararen igiyoyi a dunƙule. Kama su da matsefata, ko ka naɗa a tsinke don suna da santsi, ka ja. Yatsun za su dunƙule kamar za su damƙi wani abu. Ɗora alƙalami a tsakiya, za su riƙe shi. Nemo ta gaban ƙafar ka ja, su buɗe. Rarraba na bayan ka ja ɗaya-ɗaya, ka ga aikin kowace.

Tambayar da za ka jefa: ina tsokar da ke jan waɗannan igiyoyi, tunda ƙafar ba nama? Tana can sama a ƙwauri, naman da ake rububi a miya. Tsuntsu ya tara nauyin a kusa da jiki, ya bar ƙafa sakayau. Kowa ya motsa yatsun hannunsa yana kallon bayan hannun, ya kuma dafa ƙasan gwiwar hannu ya ji inda motsin ke fitowa. Lura kuma kowace igiya a cikin kube take zamewa, kamar wayar birkin keke a cikin robarta.

10. Koma kan jiƙon

Ciro ƙashin ruwan kal, ka wanke, ka lanƙwasa. In ya jiƙu sosai zai tanƙwaru kamar roba, siririn ma har ƙulla shi ake yi. In tsakiyar na da tauri, kwana bai kai ba, mayar da shi. Busasshen kuwa ɗora shi a garwashi a waje, don warin kamar na babbaka ne. Zai yi baƙi, daga baya ya yi fari-fari. Bar shi ya huce, ka murza, sai ya ruguje kamar alli. Tsami ya cinye ma'adinin ya bar kolajin. Wuta ta cinye kolajin ta bar ma'adinin. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne, akasari kalsiyam da fosfet, sauran kuma yawanci zaren nan ne. Yaron da ƙashinsa bai samu isasshen ma'adini ba ƙafafunsa kan lanƙwashe da nauyinsa. Galibi ana danganta wannan da rashin bitamin D, amma binciken da likitoci suka yi a Jos ya nuna cewa a wajenmu, inda rana ba ta yanke ba, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalili.

Sai ƙwai. Ɗauko shi da cokali, ka murza a hankali cikin ruwa har farin garin ya fita. Ɓawo ya tafi, tantani kaɗai ke riƙe da shi, yana lotsawa kamar balan-balan. Haska fitilar waya ta bayansa ka ga inuwar gwaiduwa. Auna da zaren nan, za ka ga ya ƙara ƙiba, don ruwa ya shiga. Bar ɗaya a ruwan sha, ɗaya ka nutsar a zuma ko sukarin da aka dama ya yi kauri sosai. Washegari na ruwa ya yi tim, na zuma ya yamushe kamar tsohuwar jaka, zumar kuma ta tsinke. Mayar da shi ruwa, zai sake cikowa. Ruwa na ratsa tantanin ya nufi gefen da ya fi kauri, manyan abubuwa irin su furotin ɗin farin ƙwai kuwa ba sa iya fita. Kada ka yi da ruwan gishiri, sakamakon ba ya fitowa sosai.

Sai dai ka gaya wa ɗalibai gaskiya: wannan tantanin saƙar zaren furotin ce, misali kawai muke yi da shi. Wanda ya kewaye kowace ƙwayar halitta na maiƙo ne da furotin, kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), ido ba ya ganinsa. In ba ka faɗa ba, za su rubuta maka a jarrabawa cewa sun taɓa shi da hannu.

11. Tafasa ragowar

Tara fata, agara, guringuntsi da ƙafafun a tukunya, ruwa ya ɗan sha kansu, ka bar su kan wuta kaɗan-kaɗan kamar awa biyu. Tsiyaye ruwan a kofi ka sa a firji, ko ka bar shi ya kwana a waje in lokacin hunturu ne. Zai daskare yana rawa. Kolajin ne ya narke. Duk wanda ya ga farfesun ƙafar saniya da ya kwana ya san wannan daskarewar, haka ma laushin ganda. Dalilin ke nan da tsohon zakara ke cin itace kafin ya dahu: zarensa ya daɗe yana ƙulluwa. Jiki kuma ba ya iya saƙa kolajin mai ƙarfi sai da bitamin C. Matuƙan jiragen ruwan Turai da ke wata da watanni babu ɗanyen abu, dasashinsu kan yi jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni ya buɗe. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya 12, waɗanda aka ba lemo suka fi saurin farfaɗowa.

In kaza ba ta samu ba

Ƙafar akuya ko ta rago daga mahauta tana nuna agara da gaɓa, har ta fi girma, sai dai tana son wuƙa mai kaifi da hannun babba. Ranar layya kuwa darasi ne kyauta, ka tsaya kusa da mai fiɗa. Ka roƙi a nuna maka jakar da zuciya ke ciki kafin a yage ta, da santsin da ke bayan huhu, da shara-sharan tantanin da ya riƙe hanji mai jijiyoyin jini kamar rassan bishiya, da kitsen da ya lulluɓe tumbi kamar raga. In an fasa kai, akwai mayafin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Hawa uku ne, na wajen ne mai kaurin da za ka iya kamawa. Kumburin irin wannan mayafi a jikin mutum shi ne sanƙarau.

12. Kwashe da wanki

Wani zai tambaya ko za a iya soya naman, kullum sai an samu. A'a. Ya sha hannu, ya yi awanni a zafi. Haka ma ƙwan da romon da ya daskare. Naɗe komai a jaridar, ka ƙulle a leda ka binne, ko ka kai inda kare da kaji ba za su tone ba. Reza a sa ta a gwangwani a matse bakin. Almakashi, matsefata da faranti a wanke da sabulu, a jiƙa su a ruwan bilic na 'yan mintoci, a ɗauraye a shanya don kada su yi tsatsa. A goge tebur. Kowa ya wanke hannu har wuyan hannu da ƙarƙashin farce, mai safa da marar safa.

Kafin ka buɗe ƙofa, ƙirga ƙafafun kazar. Kusan duk shekara sai ɗaya ta yi ɓatan dabo, in ka bincika tana aljihun wani da ke shirin zuwa gida ya tsorata ƙannensa da yatsun da ke motsi.